Takalmin Taya: Tseren da Ya Sauko Daga Ƙanƙara Ya Hau Kwalta

Ranar Asabar, 24 ga Satumba, 2022, wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Bart Swings ya cinye kilomita 42 da mita 195 a titunan birnin Berlin na Jamus cikin minti 56 da daƙiƙa 45. Abin hawansa takalmi ne kawai, kowace ƙafa da 'yan tayoyi jere a layi ɗaya a ƙarƙashinta. Washegari Lahadi, a wannan birni dai, Eliud Kipchoge na Kenya ya yi wannan nisa da gudun ƙafa cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, duniya ta ɗauka saboda ya kafa sabon tarihi a gudun fanfalaki. Swings ko rabin lokacin Kipchoge bai ci ba. Idan mutumin Roni ta jihar Jigawa yana son ya auna abin da idonsa, to ya ɗauka an tashi daga Kazaure an nufi Kano, kafin awa guda ta cika an wuce rabin hanya, ana tafiyar kusan kilomita 45 a awa, babu inji babu fetur.

A ƙasar Hausa ba a ɗauki takalmin taya da wannan daraja ba. Yawanci a tulin kayan gwanjo ake tsintarsa, a saya wa yaro ya yi ta zamiya a tsakar gida har tayar ta cinye. A manyan birane irin su Kano da Kaduna kuwa, akan ga samari sun sa shi sun hau titi, wasu su kama bayan adaidaita sahu tana jan su, masu wucewa suna salati. Wanda ya ga haka ba zai yi zaton cewa abin nan yana da tarihin da ya haura shekara 250 ba, da gasar duniya, da tseren da ake shafe wuni ana yi daga wani gari zuwa wani.

Asalinsa daga ƙanƙara ne. A arewacin Turai, musamman ƙasar Holan, idan hunturu ya yi tsanani ruwan koguna da magudanai yakan daskare ya zama hanya. Tun ɗaruruwan shekaru mutanen can suke ɗaura ƙarfe mai kaifi a ƙasan takalmi, su zame a kan ƙanƙarar zuwa kasuwa ko ziyarar dangi. Amma ƙanƙara ta 'yan watanni ce. Da zarar ta narke, sai a rataye takalmin a jira wata shekara. Duk tarihin takalmin taya ya taso ne daga ƙoƙarin mutanen da suka ƙi yarda su jira.

Wanda aka fi danganta farkon abin da shi shi ne John Joseph Merlin, haifaffen garin Huy a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, gwanin ƙera agogo da kayan kiɗa, wanda ya zauna a Landan. A wajajen shekarun 1760 ya shiga wani bikin manyan mutane sanye da takalmi mai tayoyin ƙarfe, yana zamewa yana kaɗa goge irin na Turawa. Ya yi dabarar tafiya, bai yi dabarar tsayawa ba. Ya je ya daki wani ƙaton madubi da aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura fam 500, madubin ya tarwatse, gogen ya karye, shi kuma ya ji mummunan rauni.

A shekarar 1819 Malam Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano, wani mai suna Ɗantunku kuma ya ƙi miƙa masa wuya, al'amarin da daga gare shi masarautar Kazaure, wadda Roni take ciki, ta samo tushe. A wannan shekara ce a birnin Faris wani Bafaranshe mai suna Petitbled ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira ta farko a kan takalmin taya. Nasa tayoyin a layi ɗaya suke, kamar na yau, ana yin su da katako ko ƙarfe ko hauren giwa. A 1823 Robert John Tyers ya yi rajistar nasa a Landan, mai taya biyar a jere. Duka biyun ba su yi kasuwa ba, kuma dalilin a fili yake: taya mai tauri ce, titunan zamanin na shimfiɗaɗɗun duwatsu ne da laka, ga shi takalmin ba ya son kwana. Mai shi sai dai ya miƙe, in Allah ya tsare ya tsaya.

Ba'amurke James Plimpton ne ya warware matsalar kwana a 1863, amma ta wata hanya dabam. Ya raba tayoyin biyu gaba biyu baya, ya sa musu roba a tsakani ta yadda idan mutum ya karkata jikinsa takalmin zai bi shi. Nan da nan aka shiga gina manyan zaure masu daɓen katako a Amurka da Ingila, samari da 'yan mata suna biyan kuɗi su shiga su yi ta zagaye. Takalmi mai layi ɗaya ya koma baya, aka kusa manta da shi fiye da shekara ɗari. A 1884 Levant Richardson ya sa wa tayoyin boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da duk bakanike ya sani, gudu ya ƙaru, wahala ta ragu.

Da gudu ya samu, sai tsere. Kuma tseren farko-farkon bai zo da sauƙi ba. A 1885 an shirya gasar kwana shida a babban zauren Madison Square Garden da ke New York, kowa ya yi ta zagaye iya ƙarfinsa, ya kwanta lokacin da ya ga dama. Wani matashi, William Donovan, ya yi nasara bayan ya ci sama da mil 1,000. Bai daɗe da karɓar kyautarsa ba ya rasu, haka ma wani daga cikin abokan karawarsa. Masu shirya gasar sun tara kuɗin 'yan kallo, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka. Wannan abin takaici ne, kuma ya kamata duk mai shirin haɗa irin wannan tsere ya san da shi.

Tsari ya zo daga baya. An kafa hukumar wasannin takalmin taya ta duniya a garin Montreux na Suwizalan a 1924, aka yi gasar gudu ta duniya ta farko a kan titi a Monza ta Italiya a 1937. Hukumar ce a yau ake kira World Skate.

Abin da ya dawo da takalmi mai layi ɗaya abu biyu ne da suka haɗu a lokaci guda. Na farko, ƙasashen Turai da Amurka sun malale da kwalta mai santsi. Na biyu, a shekarun 1970 aka fara yin taya da wata irin roba mai suna foliyuritan, wadda take kama ƙasa, take shanye girgiza, ba ta kuma saurin cinyewa. Wajen 1980, wasu 'yan uwa biyu a Minnesota ta Amurka, Scott da Brennan Olson, masu buga wasan hoki a kan ƙanƙara, suka ci karo da wani tsohon takalmi mai taya a jere. Damuwarsu irin ta mutanen Holan ce ta dā: da me za a yi atisaye idan ƙanƙara ta narke? Suka gyara shi, suka sa sabuwar taya da birkin roba a dunduniya, suka fara sayar wa abokan wasansu. Daga nan kamfanin Rollerblade ya fito, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 miliyoyin mutane sun mallaki irin wannan takalmi. Dabarar Petitbled ce dai ta 1819, sai dai ta jira fiye da shekara 150 kafin hanya da taya su dace da ita.

Tsere mafi daɗewa a cikin masu dogon zango shi ne na jihar Jojiya a Amurka, daga garin Athens zuwa Atlanta, wanda aka fara a 1982, tun ana amfani da takalmi mai taya biyu gaba biyu baya. Nisansa mil 87 ne, wato kilomita 140, kwatankwacin Kano zuwa Daura. Akan tashi da sassafe a watan Oktoba, hanyar kuma hawa da gangara ce tun daga farko har ƙarshe. A 1996 aka fara na Minnesota, daga Two Harbors zuwa Duluth a gefen tafkin Superior. A 1997 masu shirya gudun fanfalaki na Berlin suka buɗe wa masu takalmin taya ƙofa, ya zama taro mafi girma irinsa a duniya, dubban mutane a kan titi, gwanaye a gaba, tsofaffi da 'yan koyo a baya. A Le Mans ta Faransa ma akwai na awa 24 a filin tseren motoci, ƙungiya-ƙungiya, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan.

Mutanen Holan kuwa abin ya zame musu dole. Suna da wani shahararren tsere na kan ƙanƙara a lardin Friesland, wanda yake ratsa garuruwa 11, kusan kilomita 200, ya fi Kano zuwa Katsina nisa. An fara shi a hukumance a 1909, amma sau 15 kacal aka taɓa yi, domin sai ƙanƙara ta yi kaurin da za ta ɗauki dubban mutane. Na ƙarshe an yi shi ranar 4 ga Janairu, 1997, wani manomin kayan lambu, Henk Angenent, ya zo na ɗaya. Tun daga ranar sanyin bai sake kaiwa ba. 'Yan tseren ƙasar da dama a kan taya suke shafe bazararsu.

To yaya ake shirya wa irin wannan tafiya?

Takalmin tsere ba irin na gwanjo ba ne mai dogon wuya. Gajere ne, iyakarsa idon sawu, an yi shi da wani abu mai tauri marar nauyi, wasu ma akan ɗumama su a sa ƙafa a ciki don su ɗauki siffarta. A shekarun 1990 taya biyar ake jerawa, kowace faɗinta milimita 80. Yanzu an koma huɗu masu milimita 110, ko uku masu milimita 125. Babbar taya ta fi riƙe gudu, ta fi haye tsaga da tsakuwa, amma tana ɗaga mutum sama, idon sawun da bai ƙware ba sai ya riƙa lanƙwashewa. Saboda haka masu koyarwa ba sa barin ɗan koyo ya fara da ita. Tayoyin sukan cinye ta gefe ɗaya, don haka akan kwance su a juya, a sauya musu wuri, a wanke boris a sa masa mai. Akwai taya ta musamman ta ranar ruwan sama, domin jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta da amana. Kuma takalmin gwanaye ba shi da birki ko kaɗan. Mai son rage gudu sai ya ja ƙafa ɗaya a baya a gicciye, tayoyin su goga ƙasa.

Shirin jiki watanni yake ci. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka ƙafa ce take fara gazawa, alhali baya ne. Ɗan tsere a sunkuye yake tafiya, gwiwa a lanƙwashe, hannu biyu a goye a baya don kada iska ta tokare shi, kuma a haka zai zauna awa ɗaya ko biyu, a tseren Jojiya ma awa huɗu zuwa sama. Don haka rabin atisayen ba a kan titi ake yin sa ba: tsugunno ne, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ƙarfafa ƙugu da ciki. Sannan a riƙa ƙara nisa sannu a hankali, mako bayan mako, a rage idan ranar ta matso don jiki ya huta. Sabon takalmi ba a shiga tsere da shi, domin kafin a yi nisa ya saɓule fatar dunduniya. Turin ma da ƙa'idarsa. Ba baya ake tura ƙafa ba kamar mai gudu, gefe ake turawa, a bar tayoyin duka a ƙasa har ƙarshen turin. A farkon shekarun 1990 wani ɗan Texas, Chad Hedrick, ya shahara da wani salo na tura ƙafa sau biyu a taku ɗaya, ciki sannan waje, salon da ya sa ya addabi abokan karawarsa shekara da shekaru, yau kuma duk gwani da shi yake tafiya.

Ranar tsere, abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ba a tafiya ɗaiɗai. Layi ake yi, kowa dab da bayan na gabansa, ƙafafu suna tashi tare suna sauka tare. Na gaba shi yake fasa iska, na baya suna fakewa da shi suna adana ƙarfi. In ya gaji sai ya goce gefe ya koma ƙarshen layi, na biyu ya karɓa. Tamkar ayarin fatake ne, sai dai a nan madugun na 'yan daƙiƙu ne, kowa sai ya ɗana. Wanda ya kuskura ayari ya bar shi, da wuya ya sake kamo su, domin shi kaɗai zai yi ta kokawa da iska. Wanda kuma ya laɓe a baya ya ƙi karɓar gaba, sauran suna lura da shi. Akwai ladabin tafiya: na gaba yakan nuna rami ko yashi da hannu, yakan ɗaga murya idan za a rage gudu, na baya yakan ɗora tafin hannu a bayan na gabansa a gangara maimakon ya ture shi. Mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, goma za su bi shi. Shi ya sa hular kwano wajibi ce a manyan gasanni, kuma mai hankali ba ya barin abin kare tafin hannu da gwiwa. Ruwa da ɗan abin zaƙi kuwa a cikin tafiya ake sha, ba a jira sai ƙishi ya kama.

Mai karatu zai iya cewa wannan wasan mutanen ƙasar sanyi ne. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ƙasar da ta fi kowa kwashe lambobin zinare a gasar duniya ta gudun takalmin taya a shekarun nan ita ce Kolombiya, a Kudancin Amurka, inda yaran birane masu zafi irin su Cali da Cartagena suke tashi da taya a ƙafa ba tare da sun taɓa taka daskararren tafki ba. Har ta kai yanzu taya ce take ba ƙanƙara gwanaye. Hedrick ya koma kan ƙanƙara ya ci zinare a tseren mita 5,000 a gasar Olamfik ta hunturu a Turin a 2006. Swings ya ci nasa a Bejin a 2022. A wannan gasa ce Erin Jackson, baƙar fata daga Florida mai zafi, wadda ita ma a kan taya ta koyi gudu, ta ci zinare a mita 500. Abin mamaki, gudun takalmin taya shi kansa har yau bai samu shiga babbar gasar Olamfik ba.

Arewacin Nijeriya ma yana da nasa babin a tarihin wasa a kan ƙananan tayoyi, kuma babi ne da ya cancanci a yi alfahari da shi. A 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda cutar shan inna ta taɓa shi tun yana yaro, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake kira para-soka. 'Yan wasan suna zama a kan ɗan katako mai tayoyi, irin wanda da yawansu suke yawo da shi kullum, su tura kansu da hannu, su buga ƙwallon da hannu. Wasan ya bazu zuwa jihohi da maƙwabtan ƙasashe, akan kuma shirya gasarsa a lokacin Ranar Yaƙi da Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. Mutanen da aka saba gani a bakin titi ana miƙa musu sadaka, su ne suka mayar da boris kayan gasa. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan kuma ya san yaran da suke haɗa motar katako da tsohon boris su gangaro da ita daga tudu, da masu gara taya da kara har su fita bayan gari. Sha'awar tana nan tun tuni.

Ƙasar Roni da Kazaure da Gwiwa tana da abin da yawancin Jigawa ba ta da shi. Jihar galibi shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, amma wannan kusurwa ta arewa maso yamma tana da duwatsu da tuddai, hawa da gangara, irin ƙasar da take fitar da ɗan tsere mai ƙarfin cinya. Lokacin da ya dace shi ne sanyin Disamba da Janairu, da sassafe bayan sallar asuba, kafin iskar hunturu ta taso. Watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba na wannan aiki ba ne. Abokan gaba a nan sanannu ne: yashin da iska take tarawa a gefen kwalta, ramuka, tudun rage gudu a mashigar ƙauyuka, awaki da shanu masu tsallaka hanya, sai kuma babban cikinsu, mota.

Berlin ba ta zama Berlin don Jamusawa sun fi kowa ƙafa ba. Hukumar birnin ce take yarda ta rufe tituna na 'yan awoyi, a share su, a tsayar da 'yan sanda da motocin asibiti, a ajiye masu miƙa ruwa. Saurayin da yake kama bayan adaidaita sahu a Kano yana jefa ransa cikin haɗari, kuma bai kamata kowa ya yaba masa ba. Amma kora da zagi kaɗai ba za su raba shi da takalmin ba, tun da babu inda aka ware masa.

Ba sai an fara da kilomita 42 ba. Kilomita 5 ko 10 a kan shimfiɗaɗɗen titi mai kyau sun isa a fara, a rufe shi awa biyu da safiyar wata Asabar, a sa sharaɗin hular kwano, a ware rukunin yara da na manya da na masu buƙata ta musamman. Masarautar Kazaure tana da ƙwarewar tsara hawan salla, inda ake tare hanya a sarrafa ɗaruruwan dawaki da dubban 'yan kallo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana da ɗalibai da fili. Hukumar Kiyaye Haɗura tana da jami'ai, ƙananan hukumomin Roni, Kazaure, Gwiwa da Babura kuma suna da sassan kula da matasa da wasanni. Ya kamata waɗannan su zauna tare da samarin da suka riga suka iya takalmin, su zaɓi titi, su sa rana a cikin sanyin bana ko na baɗi.